Hannu da Yawa a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Shirin faɗakarwa na wannan mako, wanda aka tsara domin masu sauraro na Getso da kewayenta a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, musamman ɗalibai da malamai da ma'aikatan gona da na lafiya waɗanda aikinsu ke haɗa su da alƙaluma, zai yi bayani ne a kan yadda ake kasa lissafi mai nauyi a cikin kwamfuta, a miƙa kowane kaso ga wani ma'aikaci na daban, su yi aikin a lokaci guda, sannan a tattara abin da kowannensu ya samo.

Ma'aikatan da ake nufi ba 'yan Adam ba ne. Duk lokacin da aka buɗe wata manhaja, kwamfuta takan ware mata wani yanki na ma'ajiyar wucin gadi, wadda 'yan kasuwar kwamfuta ke kira RAM, inda manhajar za ta riƙe lambobi da rubutun da take aiki da su, kuma wata manhajar ba ta da ikon leƙa wannan yanki. Manhajar da ke gudana tare da nata yankin ma'ajiya ita ake ɗauka a matsayin ma'aikaci guda, saboda haka idan aka buɗe manhajar ƙididdiga sau biyar a lokaci ɗaya an sami ma'aikata biyar ke nan, kowanne da abin da ya sani, babu wanda ya san abin da ke hannun ɗan'uwansa. Daga wannan rabuwa amfanin ke fitowa, tun da ma'aikacin da ba ya jiran kowa ba abin da zai tsayar da shi, kuma daga gare ta ne kusan dukkan kurakuran ke tasowa.

Abin da ya sa batun ya shafi ɗalibin da ke zaune a Getso, ba manyan jami'o'in Turai da Amurka kaɗai ba, yana cikin kwamfutar da ke gabansa. Tun daga shekarun 1970 har zuwa wajejen 2004, kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta sun yi ta ƙara mata sauri shekara bayan shekara, ta yadda mai lissafin da ya ga aikinsa na jan ƙafa ba ya buƙatar wata dabara illa ya jira sabuwar na'ura. Da saurin ya kai wani matsayi sai zafin da ƙwaƙwalwar ke fitarwa da wutar da take sha suka wuce abin da za a iya jurewa, sai kamfanonin suka sauya hanya, suka koma dasa cibiyoyin lissafi fiye da ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa guda, kowace cibiya tana iya bin nata jerin umarnin. A 2005 ne Intel da AMD suka fito da ƙwaƙwalwa mai cibiya biyu domin kwamfutocin gida da na ofis. A yau kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da ake saye a titin Beirut a Kano, mai tambarin Core i5, galibi tana da cibiya biyu ko huɗu, sababbin ma sun fi haka.

Manhajar ƙididdiga ta R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara rubutawa a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, kuma cikakken bugunta na farko ya fito a watan Fabrairun 2000, kyauta ake samunta, abin da ya sa take samun karɓuwa a wurin ɗaliban da lasisin SPSS ko Stata ya fi ƙarfin aljihunsu, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan titin Gwarzo. Sai dai R a ɗabi'arta umarni ɗaya take bi a lokaci guda, a kan cibiya ɗaya, wanda ke nufin ɗalibi na iya zama awa biyu yana jiran sakamako alhali uku daga cikin cibiyoyi huɗun da ya biya kuɗinsu suna zaune ba aikin fari ba na baƙi. Tun daga bugu na 2.14.0 da ya fito a watan Oktoban 2011, duk wanda ya sauke R yana samunta tare da wani ƙunshin umarni mai suna parallel, wanda aka haɗa daga tsofaffin ƙunshi biyu, snow na Luke Tierney da abokan aikinsa da kuma multicore na Simon Urbanek. Da wannan ƙunshi, manhajar da mutum ke zaune a gabanta takan zama jagora: ta ta da ma'aikata gwargwadon adadin da aka ce mata, ta kasa musu aiki, ta jira, ta karɓi amsoshinsu ta jera su bisa tsarin da aka ba da su tun farko.

Manoman wannan yanki ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari, domin a kansa gayya take tafiya: mai gona ya kira jama'a, kowa ya kama kunyarsa ba tare da jiran na kusa da shi ba, noman da zai ci mutum ɗaya kwanaki a kammala shi kafin azahar. Amma duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san akwai ɓangaren da yawan jama'a ba ya rage shi, kamar zagayen gayyato mutane da tanadin abinci da nuna iyakar gona, kuma ya san ba a kiran gayya saboda 'yar gayauna, domin ɗawainiyar tara mutanen za ta fi noman kansa. Wani injiniyan kwamfuta Ba'amurke, Gene Amdahl, ya yi wannan hujja a 1967, kuma ƙa'idar da ake kira da sunansa tana cewa ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ne ke yanke iyakar saurin da za a samu. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole ne a yi shi bi da bi, kamar karanta bayanai daga faifan ajiya da haɗa sakamako a ƙarshe, to ma'aikata huɗu za su ninka sauri kamar sau uku ne kawai, takwas ba za su kai sau biyar ba, kuma ko dubu aka tara ba za a wuce sau goma ba. A kan wannan kuma sai a ƙara lokacin da ake ɓatawa wajen ta da ma'aikatan da aika musu bayanai da karɓo amsa, wanda shi ya sa lissafin da ke ƙarewa cikin daƙiƙa biyar sau da yawa yakan ƙara jinkiri ne idan aka raba shi.

Aikin da ya fi dacewa da rabo shi ne wanda ake maimaita abu ɗaya sau dubbai ba tare da wani zagaye ya dogara da na bayansa ba, kuma ilimin ƙididdiga cike yake da irinsa. A ƙaddara cewa wata ɗaliba mai nazarin aikin gona ta auna amfanin masara a gonaki 300 a Getso da Kutama da Lakwaya, har zuwa Garo a ƙasar Kabo, tana son ta san yawan buhunan da ƙarin taki ke kawowa a kowace hekta bayan an yi la'akari da lokacin shuka da irin ƙasa. Amsa ɗaya za ta samu, amma wannan amsa daga gonaki 300 ta fito, ba daga dukkan gonakin yankin ba, don haka tana buƙatar sanin yadda amsar za ta iya sauyawa da a ce wasu gonakin ta ziyarta. Bradley Efron na Jami'ar Stanford ya gabatar da wata dabara a 1979, wadda ake kira butistiraf, inda ake sa kwamfuta ta sake ɗibar gonaki 300 ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda aka auna, wata gonar ta fito sau biyu ko uku, wata kuma ba ta fito ko sau ɗaya ba, a sake lissafin, a rubuta amsar, a maimaita. Yadda dubban amsoshin suka bazu shi ke nuna girman kokwanton da ke tattare da amsar farko. (Idan ƙauye-ƙauye aka zaɓi gonakin tun asali, to ƙauyukan ya kamata a riƙa sake ɗiba, ba gonaki ɗai-ɗai ba, kuma wannan kuskure ne da saurin kwamfuta ba ya gyarawa.) Idan kowane zagaye yana cin rabin daƙiƙa, zagaye 10,000 zai ci daƙiƙa 5,000, wato awa ɗaya da minti 23, amma ma'aikata huɗu da kowanne ya ɗauki zagaye 2,500 za su gama cikin kusan minti 21, tun da zagaye na ɗari tara ba ya buƙatar komai daga na ɗari takwas.

A nan ne wanda bai saba ba yakan fara tuntuɓe. Ɗalibar ta riga ta loda bayanan gonakin, ta rubuta umarninta, ta gwada shi ya yi aiki, amma da ta miƙa shi ga ma'aikatan sai saƙo ya dawo cewa ba a ga bayanan ba. Dalili shi ne umarnin makeCluster, a tsarin da ya fi yawa, yana buɗe sababbin kwafin R ne waɗanda ba su san komai ba, suna magana da jagora ta wata kafa da ake kira soket, kuma duk abin da jagoran ya riƙe a nasa yankin ma'ajiya ba ya isa gare su sai an aika shi da gangan. Teburin bayanai sai an tura shi da clusterExport, ƙunshin umarnin da aka buɗe a wurin jagora sai an sake buɗe shi a wurin kowane ma'aikaci, haka kuma duk wani ƙaramin umarni da mutum ya rubuta da kansa. Komawar ma haka take, domin idan ma'aikaci ya sauya darajar wani abu a nasa yankin, sauyin a can yake tsayawa, jagora ba zai taɓa gani ba sai abin da aka miƙo masa a matsayin amsa. Mutumin da ya ajiye wata lamba yana ƙara mata ɗaya a kowane zagaye domin ya ƙirga yawan zagayen da suka yi nasara zai tarar da lambar tana nan a sifili bayan an gama aikin, ba don aikin bai gudana ba, sai don kowane ma'aikaci nasa kwafin ya yi ta ƙarawa. Hatta saƙonnin da ma'aikaci ke bugawa domin nuna inda ya kai, a tsarin asali zubar da su ake yi, ba sa bayyana a allo.

Akwai hanya ta biyu, wadda umarnin mclapply ke bi, inda jagora ke tsaga kansa ya fitar da ma'aikata waɗanda kowannensu kwafinsa ne a daidai wannan lokaci, da dukkan abin da ya sani, kuma ba a ma kwafe bayanan a zahiri sai ma'aikacin ya taɓa su da niyyar sauyawa. Wannan hanya ta fi sauƙi kuma ta fi tattalin ma'ajiya, amma tana aiki ne a kan Linux da macOS kawai, ba ta aiki a kan Windows, wanda shi ne ke kan mafi yawan kwamfutocin da ke hannun ɗalibai a ƙasar Hausa. Shi ya sa ɗalibi kan kwafo umarnin da wani malami ya rubuta a ƙasar waje, ya ƙi aiki a wurinsa, ya zaci kwamfutarsa ce ta lalace. Ƙunshin future, wanda Henrik Bengtsson ya fitar a 2015, an yi shi ne domin mutum ya rubuta umarni sau ɗaya sannan ya zaɓi hanyar da ta dace da na'urarsa, kuma yakan yi ƙoƙarin gano abubuwan da ma'aikata ke buƙata ya aika musu da kansa.

Mafi yawan waɗannan kurakurai suna da wata fa'ida guda, wato suna bayyana kansu: aiki ya tsaya, saƙo ya fito, mutum ya nemi gyara. Wanda ya fi cancantar tsoro shi ne wanda ba ya tsayar da komai, kuma wurin zamansa shi ne lambobin ƙuri'a. Kwamfuta ba ta jefa ƙuri'a ta gaskiya. Tana farawa ne daga wata lamba da ake kira iri, ta bi wata ƙa'idar lissafi ta fitar da dogon jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a, kuma duk lokacin da aka ba ta iri ɗaya jeri ɗaya za ta fitar, ba ƙari ba ragi. Ƙa'idar da R ke amfani da ita idan ba a ce mata komai ba ita ce Mersenne Twister, wadda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura suka ƙirƙira a Japan a ƙarshen shekarun 1990. Masu bincike suna sa iri a farkon aiki domin duk wanda ya sake gudanar da shi ya sami amsar da suka samu, kuma ɗabi'a ce mai kyau matuƙar ma'aikaci ɗaya ne. Amma idan ɗalibar nan ta ba ma'aikatanta huɗu iri ɗaya, dukkansu gonaki iri ɗaya za su ɗiba a jere iri ɗaya, sai ta ƙare da amsoshi 10,000 waɗanda a gaskiya 2,500 ne aka maimaita sau huɗu, ta kuma rubuta a kundinta cewa ta yi zagaye 10,000. Idan kuwa ta sa irin a cikin umarnin da ake maimaitawa, to kowane zagaye daga wuri ɗaya zai fara, amsoshin duka su fito iri ɗaya, lissafin ya nuna cewa babu kokwanto ko kaɗan a cikin sakamakonta, abin da ba ya taɓa yiwuwa a binciken gona. Wanda kuma ya guje wa wannan ta hanyar ƙin sa iri gaba ɗaya, ya bar kowane ma'aikaci ya zaɓi nasa, zai sami amsa mai inganci amma wadda ba zai iya sake fito da ita daidai ba ranar da mai duba kundinsa ya nema.

Ba wa ma'aikaci na farko iri 1, na biyu iri 2, da sauransu, dabara ce da mutane da yawa ke yi, kuma sau da yawa ba ta jawo ɓarnar da za a gani, sai dai babu wata hujjar lissafi da ke tabbatar da cewa jerin da suka fito daga irin waɗannan lambobi ba su da alaƙa da juna. Mafita ta fito ne daga aikin Pierre L'Ecuyer na Jami'ar Montreal a Kanada, wanda ya tsara wata ƙa'ida da za a iya yanka jerinta zuwa rassa masu nisa ƙwarai da juna, nisan da ya kai 2 a ninka da kanta sau 127, adadin da babu kwamfutar da za ta ƙare shi. Umarnin clusterSetRNGStream yana karɓar iri ɗaya daga hannun mai bincike ya ba kowane ma'aikaci nasa reshen, ta yadda ba za su ci karo ba kuma aikin zai maimaitu. Akwai wani sharaɗi da ba kowa ke lura da shi ba: tun da ma'aikaci ake ba reshe, ba zagaye ba, idan aka gudanar da aikin yau da ma'aikata huɗu, gobe da biyu a wata kwamfutar, amsar za ta ɗan bambanta ko da irin bai sauya ba. Ƙunshin future.apply yana kauce wa wannan ta hanyar ba kowane zagaye nasa reshen, kuma ga mai rubuta kundin da malaminsa zai gwada a wata na'ura, wannan ya fi dacewa duk da ɗan ƙarin jinkirin da ke cikinsa.

Bayan lissafi akwai ƙarfe da wuta. A hanyar soket kowane ma'aikaci nasa kwafin bayanan yake riƙewa, don haka tebur mai gigabait 2 a hannun jagora da ma'aikata huɗu ya zama gigabait 10, alhali kwamfutar gigabait 8 gare ta, kuma da zarar ma'ajiyar ta cika sai na'urar ta koma aron wuri a faifan ajiya, saurin ya faɗi ƙasa da na ma'aikaci ɗaya. Umarnin detectCores, wanda ke faɗin yawan cibiyoyi, shi ma yakan ninka adadin a kan na'urori da yawa, ya ce huɗu inda biyu ne na gaske, saboda wata dabarar da ke sa cibiya ɗaya ta riƙe aiki biyu. Ƙarin saurin da ake samu daga ƙarin biyun ba ya kai na cibiya ta gaske, kuma masu hankali sukan bar cibiya ɗaya domin sauran hidimar kwamfutar. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara a ƙasar Kano kan haura digiri 40, kwamfutar da dukkan cibiyoyinta ke aiki takan yi zafi har ta rage wa kanta sauri domin kada ta ƙone, kuma da yawansu suna yin haka idan aka cire su daga caji. Ga wanda wuta kan ɗauke masa a tsakiyar aiki, abin da ya fi kowane sauri amfani shi ne a sa kowane kaso ya ajiye amsarsa a faifai da zarar ya gama, domin idan batir ya mutu a ci gaba daga inda aka tsaya. Sharaɗin kawai shi ne kowane kaso ya sami nasa fayil ɗin, domin ma'aikata biyu da ke rubutu a fayil ɗaya a lokaci guda suna iya cakuɗa layukansu.

Ba kowane lissafi ke yarda a raba shi ba, kuma wani aiki da ya shafi Getso kai tsaye yana nuna fuskokin biyu. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan tara, amma masu allurar rigakafin shan inna da masu rabon gidan sauro suna buƙatar sanin yawan mutanen kowace unguwa a yau. A 2019 ƙungiyar WorldPop ta Jami'ar Southampton a Ingila, a ƙarƙashin shirin GRID3, ta fitar da kiyasin yawan jama'ar Nijeriya a kan taswirar da aka yanka murabba'i-murabba'i, kowanne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ta hanyar haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna inda gidaje suke da ƙananan ƙidayoyi da aka yi gida-gida a wasu zaɓaɓɓun wurare. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 923,768 tana da irin waɗannan murabba'ai sama da miliyan 92, ko da yake waɗanda babu gidaje a cikinsu ana ware su. Fitar da kiyasin kowane murabba'i bayan an gano ƙa'idar aiki ne mai rabuwa, tun da na Getso ba ya jiran na Sakkwato. Gano ƙa'idar kanta kuwa an yi shi ne da tsarin Bayes, wanda galibi ake warware shi da abin da ake kira sarƙar Markov, inda kwamfuta ke taka dubban matakai kuma kowane mataki daga na bayansa yake tashi, don haka ba yadda za a ba wani ma'aikaci mataki na dubu biyar alhali ba a taka na dubu huɗu da ɗari tara da casa'in da tara ba. Abin da ake yi shi ne a saki sarƙoƙi da yawa daga mafari daban-daban, kowace a hannun ma'aikacinta, kuma manhajar Stan sarƙa huɗu take saki idan ba a ce mata komai ba. Ribar a nan ba ta tsaya ga sauri ba: Andrew Gelman da Donald Rubin sun nuna a 1992 yadda ake kwatanta sarƙoƙin domin a ga ko sun taru a amsa ɗaya, kuma idan ba su taru ba to sakamakon bai kai a dogara da shi ba.

Hasashen yanayi, irin wanda manomi ke jira daga hukumar NiMet kafin faɗuwar damina, yana tsakiya ne, domin ana raba sararin sama yanki-yanki amma iskar kowane yanki tana shiga na maƙwabcinsa, don haka dole ma'aikatan su riƙa musayar alƙaluma a kowane mataki. Tun a 1922 Lewis Fry Richardson na Ingila ya kwatanta wani babban zaure mai ɗauke da masu lissafi 64,000, kowanne da nasa yankin duniya, suna miƙa wa juna sakamako ƙarƙashin jagora guda, shekaru fiye da ashirin kafin a ƙera kwamfutar lantarki. Irin wannan aiki na manyan na'urori ne da ake haɗa su da layuka masu sauri, ba na kwamfutar ɗalibi ba.

Ko a aikin da ke rabuwa, yadda aka yanka shi yana da tasiri. Wanda ke lissafi a kan ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, ya ba kowane ma'aikaci 11, yana iya tarar da uku sun gama sun zauna suna jiran na huɗu, wanda Nasarawa da Dala suka faɗo a kasonsa, tun da jama'ar Nasarawa sun ninka na Kabo sau uku ko fiye, bayanansu ma haka. Umarnin parLapplyLB yana miƙa aikin ne kaɗan-kaɗan, duk wanda ya gama ya karɓi na gaba, kuma idan aka fara da manyan ƙananan hukumomin aka bar ƙananan a ƙarshe jiran yakan ragu sosai. Amma a nan ba a san wane ma'aikaci zai ɗauki wane kaso ba, don haka lissafin da ke da ƙuri'a a ciki ba zai maimaitu ba sai an ba kowane kaso nasa reshen. Bayan an karɓi amsoshi kuma sai a ƙirga su. A hanyar mclapply, ma'aikacin da ya gamu da kuskure ko wanda na'ura ta kashe saboda ƙarancin ma'ajiya ba ya tsayar da sauran. Gurbinsa kan dawo da saƙon kuskure ko ya dawo wayam, tare da wani ɗan gargaɗi da ido ke iya tsallakewa, sai mutum ya haɗa jimillar jiha daga ƙananan hukumomi 43 ko ma 33 yana zaton 44 ne.

Masu ƙwarewa sukan fara da ɗan ƙaramin yanki na aikin, kamar zagaye 100, su gudanar da shi da ma'aikaci ɗaya, su sake gudanar da shi a rabe, su kwatanta amsoshin da kuma lokacin da kowanne ya ci, kafin su saki babban aikin. A wajen kwatancen ba a tsammanin daidaito har zuwa lamba ta ƙarshe, domin kwamfuta tana riƙe lambobi masu ɗigo da gurabe kusan 16 ne kawai, tana yanke sauran, kuma tara lambobi a wani jeri na daban yana iya sauya gurbi na 15 ko na 16. Bambanci a gurbi na biyu ko na uku a lissafin da babu ƙuri'a a cikinsa shi ne alamar cewa wani ma'aikaci bai karɓi abin da ya kamata ya karɓa ba. Da an gama sai a sallami ma'aikatan da stopCluster, in ba haka ba suna nan riƙe da ma'ajiya muddin jagoran na buɗe. A babin hanyoyin bincike na kundin kuma, a gefen yawan gonaki da sunayen ƙauyuka, sai a rubuta bugun R da aka yi amfani da shi, da lambar irin, da sunan ƙa'idar ƙuri'ar, da yawan ma'aikatan da aka raba wa aikin.